Yadda Ake Gano Alamar Gidan Buga Kuɗi a Jikin Tsabar Amurka

Mai tara tsoffin sulalla ya fara karanta shekarar da ke jikin tsabar kafin ya nemi ƙaramin harafin da ke nuna inda aka buga ta, domin wurin harafin ya sha sauyawa. Harafin D na Denver ne, S na San Francisco, O na New Orleans, CC na Carson City, wadda ta yi aiki daga 1870 zuwa 1893. Philadelphia kuwa ta daɗe ba ta sa komai, don haka rashin harafi yawanci shaida ce cewa daga can tsabar ta fito.

A riƙe tsabar ta gefe, a sa ta ƙarƙashin fitila mai haske, a duba da gilashin ƙara girma mai ninki 10. A sentin Lincoln, wato senti ɗaya mai hoton Shugaba Lincoln, harafin yana fuska, ƙasan shekara. A dalar Morgan, wata tsohuwar dalar azurfa, yana baya, ƙarƙashin zanen ganyen da ya kewaye gaggafa. Senti biyar na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1945, yana ɗauke da babban harafi a saman ginin Monticello da aka zana a bayansa, kuma nan ne P na Philadelphia ya fara bayyana. Daga 1965 zuwa 1967 an daina sa harafin gaba ɗaya, sai a 1968 aka dawo da shi, aka mai da shi fuska.

Abin da ya fi cancantar natsuwa shi ne siffar harafin. Har zuwa ƙarshen shekarun 1980 da hannu ake dasa shi a jikin ƙarfen da ake buga tsabar da shi, saboda haka wani lokaci ma'aikaci yakan maimaita dukan a karkace, sai harafin ya fito da inuwa a gefensa. Wani lokaci kuma harafin wani gida ake dannewa da na wani, kamar D a kan S a sentin 1944, ko O a kan CC a dalar Morgan ta 1900, inda ake hango burbushin tsohon harafin yana leƙowa. Sentin 1922 marar harafi ma yana da daraja, tunda Denver kaɗai ta buga senti a shekarar, D ɗin ne ya ɓace daga ƙarfen.

Inda daraja take, nan 'yan jabu suke. Sentin 1909-S VDB, wato na San Francisco mai ɗauke da haruffan sunan mai zanensa, guda 484,000 kawai aka buga, senti goma na 1916-D kuma 264,000, shi ya sa ake manna musu harafin ƙarya. A duba gindin harafin: na gaske ya taso ne daga jikin tsabar ba tare da tsagi ko bambancin launi ba. A ganina, duk tsabar da farashinta ya yi nauyi kada a saye ta sai ƙwararru sun tantance ta, kuma kada a kuskura a goge ta, domin gogewa na karya darajarta.

Wanda ya gaji kobo ko anini mai huda na zamanin Turawa ya duba shi da irin wannan idon, domin a jikin wasunsu akwai H ko KN, alamomin gidajen buga kuɗi biyu na Birmingham a Ingila.