Kafin ku tunkari ɗan majalisarku kan aikin mazaɓa

Jama'a, kada ku je masa da "ba a yi mana komai ba". Ku je da sunan aikin da kuɗinsa.

Shafin intanet na Tracka, na ƙungiyar BudgIT mai sa ido kan kasafin kuɗin Najeriya, yana fitar da ayyukan mazaɓu da ke cikin kasafin tarayya, kyauta. Ku nemo na garinku: rijiyar burtsatse ce ko ajujuwa, miliyan nawa, wace hukuma aka ba.

Sai ku je wurin ku ɗauki hoto, ko da rami ne aka haƙa ciyawa ta rufe.

Ku rubuta wa hukumar takardar neman bayanin aikin a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Kwana 7 doka ta ba su su amsa. Don Allah kada ku fito sai an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Wani kwafin ku kai ofishin mazaɓa.

Zagi ana iya share shi. Hoto da adadin kuɗi kuwa da wuya a yi musu shiru, balle zaɓe ya matso.

Amma fa sa aiki a kasafi ba ya nufin an saki kuɗin. In ba a saki ba, ku matsa wa ɗan majalisar ya bi sawu. In an saki ba a yi ba, ku kai wa ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, tun 2019 take bin diddigin ayyukan mazaɓu.