Darasi na Bakwai: Haɗa Bugun Firinta da Bugun Hannu

Duk wanda ya taɓa buga hatimi a takarda ya riga ya san tushen wannan darasi. Ana sassaƙa zane a jikin katako ko roba, a shafa tawada a wuraren da suka yi tudu, a danna a kan takarda. Da wannan dabara mutanen ƙasar Sin suka buga wani littafi a shekarar 868, kuma har yanzu yana nan a ajiye. Yau za mu koyi yadda firinta za ta fara aiki, hannu ya ƙarasa shi, duk a kan takarda ɗaya.

Ku fara da sanin firintarku. Akwai mai fesa tawadar ruwa, ana ce mata inkijet. Akwai kuma leza, wadda take aiki da baƙin gari mai haɗe da roba, zafi ya narka shi ya manne a takarda. Ita tawadar inkijet iri biyu ce. Wata rini ce, da ruwa ya taɓa ta sai ta narke. Wata kuma garin launi ce, tana jure ruwa idan ta bushe sosai. Gwajin ba wuya. Ku buga ɗan hoto, ku bar shi ya kwana, ku ɗiga masa ruwa ku gani.

Kada ku raina wannan gwaji. Na taɓa buga hoton bishiya, ina ta ɗoki, na ɗauki jiƙaƙƙen burushi na bi ta kan rassanta. Nan take baƙin ya narke, ya rabu zuwa shuɗi da ja-ja, ya malala har ƙasan takardar. Aikin yini guda ya tafi a banza. Bugun leza ba ya narkewa haka, sai dai fentin ruwa ba ya kama shi sosai, za ku ga yana taruwa ɗigo-ɗigo a kai.

Takardar ofis mai nauyin giram 80 a kowane murabba'in mita tana lanƙwashewa da zarar ta jiƙe. Ku nemi takardar zane mai giram 200 zuwa 300, ku sa ta ɗaya bayan ɗaya, ta ƙofar baya idan firintar tana da ita.

Ga ƙa'idar da nake so ta zauna muku: firinta ce farko, hannu ya biyo baya. Kada ku tura wa na'ura takardar da aka shafa wa fenti ko tawadar mai, musamman leza, domin zafinta zai iya narka abin da ke kai ya ɓata cikinta. Kuma ku rage wa firinta aiki. Ta buga bango kawai, wato abin da zai zauna a bayan zanen, kamar sararin sama ko tsohon hoto da aka dusashe launinsa. Idan ta cika takarda da komai, ina hannu zai sa nasa?

Yanzu sai katako. Ku zana abin da kuke so, ku buga shi da leza, ku kifa takardar a kan katako mai santsi, ku bi bayanta da dutsen guga mai zafi, ba tare da tururi ba. Garin zai narke ya bar alamarsa a jikin katakon. Za ku ga rubutun ya juya kamar a madubi. Kada hankalinku ya tashi, haka ake so, domin idan aka buga zai sake juyawa ya dawo daidai. Saboda haka ba sai kun juya shi a kwamfuta ba. Ku sassaƙe duk inda ba kwa so tawada ta taɓa. Wuƙa ta riƙa yin gaba, ɗayan hannun kuma yana bayanta kullum.

Wurin da ɗalibai suka fi shan wahala shi ne daidaita bugun biyu. Ku yanki kwali mai kauri a siffar kusurwa, ku manne shi a kan tebur, katakon ya zauna a cikin kusurwar. Ku yi alama da fensir inda gefen takarda zai riƙa sauka, kada ku sake canza shi. Duk da haka, firinta kanta takan ɗan goce daga takarda zuwa takarda. Shi ya sa na fi son zanen da ɗan gocewa ba zai ɓata shi ba, kamar tsuntsu a sararin sama.

Ku baza tawada kaɗan a kan gilashi, ku mirgina rola, wato gangar robar da ake shafa tawada da ita, har ku ji tana wata 'yar ƙara siririya. Idan kuka ji tana caɓal-caɓal, tawada ta yi yawa, za ta cike ramukan sassaƙar. Ku shafa wa katakon, ku ɗora takardar da firinta ta buga, fuskarta a ƙasa, ku goga bayanta da bayan cokali, kuna zagayawa a hankali. Ku ɗaga kusurwa ɗaya ku leƙa. Inda bai kama ba, ku mayar ku ƙara gogawa. Idan kun ɗaga duka, ku karkata takardar wajen haske. Launin firinta yana kwance lumui, tawadar katako kuwa ta ɗan taso, har da layin jijiyar itacen a cikinta. Tawadar mai takan ɗauki kwanaki kafin ta bushe, don haka kada ku jibga takardun a kan juna.

Aikin wannan mako: ku buga bango iri ɗaya a takarda 5, ku sassaƙa harafin farko na sunanku, ku buga shi a kan kowace. A ƙasa ku rubuta 1/5, 2/5, har zuwa 5/5 da fensir, ku sa hannu. Ku zo da su duka, har da wadda ta goce, mu duba tare inda kwalin ya motsa.