Yadda Masana'antar Jima Za Ta Auna Ruwan da Take Sha, Ta Kuma Rage Shi

Masana'antun jima da yawa a Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano daga rijiyar burtsatse suke samun ruwa, kuma da yake babu takardar kuɗin ruwa da ke zuwa musu a ƙarshen wata, sai a riƙa ɗaukarsa kyauta. Alhali kuwa kowace lita sai da aka ƙona man dizal ko wutar lantarki kafin ta hau tanki, sannan idan ta fito gurɓatacciya sai an kashe kuɗi wajen tace ta.

Aikin farko shi ne awo. A ɗaura mita a bakin rijiyar, a ɗaura wasu a sashen jiƙa fata da na cire gashi da na rini, a kuma sa mutum guda ya riƙa rubuta abin da suka nuna a lokaci ɗaya kullum na tsawon wata. Inda babu mita, bokiti da agogo sun wadatar: idan tiyo ya cika bokiti mai lita 20 a cikin minti guda, to duk sa'ar da aka bar shi a kwance yana zuba, lita 1,200 ce ta bi kwata. A karanta babbar mita da yamma bayan an tashi daga aiki, a sake karantawa da safe kafin a buɗe ko famfo ɗaya. Duk bambancin da aka gani yoyo ne, ko tanki da ke ambaliya cikin dare.

Jimillar ruwan wata ba ta faɗin gaskiya ita kaɗai, domin takan sauka ne kawai saboda kasuwa ta ja baya. Abin da ya kamata a bi shi ne lita nawa aka kashe a kan kowane tan na ɗanyar fata. Da wannan ma'auni ne za a jera sassan daga mai yawan sha zuwa mai kaɗan, a fara da na kan gaba.

Daga nan sai a nemo dalili. Kamfanin Toyota na Japan ya shahara da maimaita tambayar "me ya sa" har sau biyar, kuma dabarar tana aiki a nan. Me ya sa ake wankin fata ruwa na shiga ganga, wato babban mazubin da ke juya fatar, yana fita ba tsayawa? Sau da yawa amsar ba ta wuce cewa haka ma'aikacin ya tarar ana yi ba. Wanki a rufaffiyar ganga da ruwan da aka auna, a juya, a zubar, a sake zubawa, ya fi tattali nesa ba kusa ba, kuma bai buƙatar sabon inji. A ganina kuskure ne a fara da sayen kayan aiki masu tsada tun ba a gyara irin wannan ɗabi'a ba. Ruwan ɗauraya na ƙarshe ma yakan isa jiƙon farko na wata fatar, amma mai ɗauke da kurom, sinadarin da ake jima da shi, sai a ware shi daban.

A gwada canji ɗaya a ganga ɗaya na mako biyu, a duba awo, a kuma duba ingancin fatar, don ragin ruwan da ya ɓata kaya asara ce. Idan ya yi kyau, a rubuta sabon tsarin a manna a jikin gangar, a kuma kafa allo a bakin sashen inda shugaban ma'aikata zai riƙa rubuta awon kowace rana.