Yadda Ake Sarrafa Canje-canje a Manhaja da Git

Ku tambayi duk ƙungiyar da ke rubuta manhaja: wace siga ce ke aiki yanzu a kan sabar (kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta don jama'a), kuma za ku iya sake gina ta daidai yadda take? In amsar ita ce "bari mu tambayi wane", to akwai gyara. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don aikin Linux, shi ne kayan aikin da aka fi amfani da shi wajen wannan gyara, domin yana adana tarihin duk canjin da aka yi wa manhaja.

Da farko, ku tantance abin da zai shiga ma'ajiya (repository), wato wurin da Git ke adana fayilolin aiki da tarihinsu. Lambobin manhaja kaɗai ba su isa ba. Ku haɗa da fayilolin saiti, da rubutun da ke canza tsarin rumbun bayanai, da fayil ɗin da ke kulle sigar kowane ɗakin lambobi (library, wato lambobin da wasu suka riga suka rubuta) da kuka aro, kamar `package-lock.json` ko `composer.lock`. Rashin wannan fayil ne yakan sa manhaja ta yi aiki a kwamfutar mutum ɗaya ta ƙi a ta abokin aikinsa.

Kalmomin sirri da makullan shiga kuwa, ku ajiye su a fayil ɗin `.env`, ku rubuta sunansa a `.gitignore`, wato jerin fayilolin da Git zai ƙyale, tun kafin ajiya (commit) ta farko, wato karon farko da za ku adana aiki a tarihin Git. In makulli ya riga ya shiga, goge shi ba ya fitar da shi daga tarihi. Sai dai a soke shi a yanko sabo.

Kowane canji da reshensa (branch), wato layin aiki na daban da ake haɗewa da babban reshe in an gama. Umarnin shi ne `git switch -c gyaran-rasit`. Ajiya ɗaya ta ɗauki gyara ɗaya, saƙonta kuma ya faɗi dalili. Saƙo irin "gyara" ba ya amfanar kowa bayan wata shida. Kada reshe ya daɗe, don gwargwadon daɗewarsa gwargwadon karon da za a sha wajen haɗewa. A kulle babban reshe yadda ba mai turawa kai tsaye, sai wani ya duba kuma gwaje-gwaje sun wuce.

Ku sa wa kowace fitarwa, wato kowace sigar da kuka saki, alama (tag). Misali `git tag -a v1.4.2`. Lambar ƙarshe ta gyaran kuskure ce, ta tsakiya ta ƙarin aiki, ta farko kuma ta canjin da zai karya wa masu amfani da tsohuwar siga aiki. Abin da ake yawan mantawa shi ne `git push`, umarnin tura aiki zuwa ma'ajiyar da kowa ke amfani da ita, shi kaɗai ba ya tura alama, sai an ce `git push origin v1.4.2`.

Daga wannan alamar za a ɗora wa sabar, kuma na'ura ce za ta yi, ba hannun mutum ba. A Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Amurka mai suna Knight Capital ya yi asarar fiye da dala miliyan 400 cikin kusan minti 45, domin ɗaya daga cikin sabar takwas ba ta samu sabuwar siga ba.

In abu ya ɓaci, ku yi amfani da `git revert`, wanda ke warware canji ya bar tarihi yadda yake. Ku guji `git reset --hard` da turawa ta ƙarfi a reshen da jama'a ke aiki a kai, don yakan share aikin wasu. In ba a san ajiyar da ta kawo matsalar ba, `git bisect` yana raba tarihi gida biyu a kowane mataki, saboda haka gwaji kamar 10 ya isa a gano mai laifi cikin ajiya 1,000. Amma mayar da lambobi baya ba ya mayar da rumbun bayanai, saboda haka a ɗauki kwafinsa kafin duk fitarwar da za ta taɓa tsarinsa.