Kurakuran da aka fi yi wajen ba da tarihin yaƙe-yaƙe da yarjejeniyoyin duniya

Duk wanda ya saba sauraron muhawarar tarihi, a aji ne ko a rediyo ko a majalisar hira bayan la'asar, zai lura cewa akwai maganganun da aka maimaita har suka zama kamar karatun allo, alhali in aka koma ga takardun asali sai a tarar ba haka abin ya gudana ba. Galibin waɗannan kurakurai uwa ɗaya ce ta haife su, wato a ɗauki al'amarin da ya shafe shekaru yana ƙulluwa a ɗora shi a kan rana ɗaya, ko mutum ɗaya, ko takarda ɗaya, domin hakan ya fi sauƙin riƙewa a ka.

Wanda ya fi yaɗuwa a wurinmu shi ne cewa Turawa sun taru a Berlin, sun shimfiɗa taswira a kan tebur, sun kasa Afirka kashi-kashi kamar naman watanda. Gaskiya ne an yi taron daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 bisa gayyatar Bismarck na Jamus, ƙasashe 14 suka halarta, kuma ba a gayyaci ɗan Afirka ko ɗaya ba. Sai dai abin da suka sa wa hannu ya shafi 'yancin ciniki a yankin Kwango, da zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Kwango da kogin Kwara, da hana cinikin bayi, da ƙa'idar cewa duk ƙasar da ta kama sabon yanki a gaɓar teku ta sanar da sauran, ta kuma kafa ikon da ake gani da ido. Iyakoki kuwa daga baya aka ja su, tsakanin ƙasashe biyu-biyu, ana ja ana gogewa.

Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, ta isa misali. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi. A 1898 suka sake shi, suka zana baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Da Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Zinder ta faɗa cikin ƙasar da rijiyoyi suka yi ƙaranci, sai suka nemi gyara, aka kuma yi shi a 1904 da 1906. Saboda haka mai son yin magana a kan kowace iyaka ya fara tambayar ƙasashe biyun da suka ja ta, da shekarar, da kuma sau nawa aka gusar da ita. Ɗora wa Berlin komai yana rufe wannan ciniki na shekaru goma sha shida, wanda a cikinsa ne ainihin labarin yake.

Irin wannan kuskure ake yi wa yarjejeniyar sirri ta Sykes da Picot ta 1916, wadda Ingila da Faransa suka ƙulla don raba yankunan daular Turkawa, ake kuma cewa ita ta zana ƙasashen Larabawa na yau. A taswirarta Mosul tana ɓangaren Faransa, amma ta ƙare a Iraƙi ƙarƙashin Ingila, kuma sai a taron San Remo na 1920 da yarjejeniyar Lausanne ta 1923 al'amura suka ɗauki kamar da muka sani. A nan ma akwai wani tuntuɓe na harshenmu, domin sunan Daular Usmaniyya muke ba daular Turkawa ta Istanbul, shi kuma muke ba ta Sakkwato, don haka wajibi ne marubuci ya fayyace wadda yake nufi tun a layin farko.

Na biyu shi ne rikita tartsatsi da tulin itacen da ya kama. Ana cewa kisan Yarima Franz Ferdinand, magajin sarautar Ostiriya, a Sarayebo ranar 28 ga Yuni 1914 shi ne dalilin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai a tsaya nan. To amma an kashe shugaban Faransa a 1894, an kashe sarkin Italiya a 1900, an kashe shugaban Amurka a 1901, duniya ba ta kama da wuta ba. Abin da ya bambanta 1914 shi ne ƙawance da tsoron juna da tsare-tsaren soja da aka daɗe da tanada: Ostiriya ta ɗauki wata guda cur kafin ta shelanta yaƙi a kan Sabiya, wadda ta zarga da hannu a kisan, ranar 28 ga Yuli, Rasha ta tara runduna don kare Sabiya, Jamus ta bi ta Beljiyam don ta auka wa Faransa, shigarta Beljiyam kuma ta jawo Ingila ranar 4 ga Agusta. Gyaran a nan shi ne a bi wannan wata guda daki-daki, a ga wa ya yanke wace shawara, domin a kowane mataki akwai wanda zai iya ja da baya bai ja ba.

Haka kuma ba a cika bambanta tsagaita wuta da sulhu ba. Ranar 11 ga Nuwamba 1918 bindigogi ne suka yi shiru a Turai, yarjejeniyar Versailles kuwa sai 28 ga Yuni 1919 aka sa mata hannu, kuma kwamandan Jamus na Gabashin Afirka, Lettow-Vorbeck, bai miƙa wuya ba sai 25 ga Nuwamba 1918. Yaƙin Koriya ma tsagaita wuta ce ta dakatar da shi a 1953, ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Wani kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne kiran yaƙe-yaƙen duniya biyu faɗan Turawa zalla, kamar mu 'yan kallo ne. Togo ta faɗi hannun Ingila da Faransa tun a Agusta 1914, an gwabza a Garwa, kuma sojojin Jamus da suka maƙale a kan dutsen Mora a arewacin Kamaru ba su sauko ba sai Fabrairu 1916. A yaƙi na biyu, wanda kakanninmu suke kira Yaƙin Hitila, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yaƙi Japan a dazuzzukan ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, shi ya sa har yau ake tuna tsofaffin sojan Bama a garuruwan Arewa. Ko shekarar farawa ma ta danganta da inda mutum yake tsaye: 1939 ce ga Bature, amma Italiya ta auka wa Habasha tun 1935, Japan da Sin kuma sun shiga cikakken yaƙi a 1937.

Sai a yi hattara da sunaye da kalanda. Yaƙin da ake kira na Shekara Ɗari tsakanin Ingila da Faransa ya kai shekara 116, daga 1337 zuwa 1453, da dogayen hutu a tsakani. Juyin juya halin Oktoba na Rasha ya auku ne ranar 7 ga Nuwamba 1917 a lissafin da muke bi, domin a lokacin Rasha tana kan tsohuwar kalanda mai bambancin kwana 13. Mafi hatsari ga mai karanta littattafan malamanmu shi ne juya shekarar Hijira zuwa Miladiyya ta hanyar ƙara 622 kawai. Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka kowace shekara 33 ta Hijira tana daidai da kusan 32 ta Miladiyya. In ka ƙara 622 a kan 1400 za ka sami 2022, alhali shekarar 1400 ta kama ne a Nuwamba 1979. Hanyar da ta fi kusa da daidai ita ce a raba shekarar Hijira da 33, a debe abin da ya fito daga cikinta, sannan a ƙara 622: a nan 42 za a debe daga 1400, a sami 1358, a ƙara 622 ya ba da 1980, wadda a cikinta mafi yawan watannin waccan shekara suka faɗo.