Yadda Ake Zaɓen Sifikar Tsakiya Don Sinimar Gida

A tsarin sauti na 5.1 akwai wufa ɗaya, mai fitar da sauti mafi kauri, da sifikoki biyar: biyu a gaba, hagu da dama, biyu a gefe ta wajen baya, ɗaya a tsakiya dab da talabijin. Kusan duk maganar da 'yan wasa ke yi a fim ta wannan ta tsakiyar take fitowa, domin haka masu haɗa sauti suke tsara shi tun daga ɗakin aiki. Kiɗa da ƙarar mota da ruwan sama suna rarrabuwa ko'ina, amma murya a tsakiya take zama. Idan ka ga mai gida riƙe da rimot yana ƙara sauti in ana hira, yana ragewa da sauri in an fara harbi, to galibi sifikar tsakiyarsa ce ba ta dace ba, ko kuma an ajiye ta inda bai kamata ba.

Fara da duba sifikoki biyun da ke gabanka. Ta tsakiya ta fito daga kamfani ɗaya da su, kuma daga jeri ɗaya, domin kamfani guda yakan yi jeri uku ko huɗu masu muryoyi daban. Kowace sifika tana da launin muryarta, wanda ya danganta da abin da aka yi faifanta da shi, wato zagayayyen da ke kaɗawa ya fitar da sauti, da yadda aka raba mata aikin sauti a ciki. In mota ta taso daga hagun allo ta fita ta dama, ƙararta tana bi ta sifikoki uku. In ta tsakiyar bare ce, sai ka ji motar ta canza inji a tsakiyar hanya. Mafi kyau duka shi ne sifikoki uku iri ɗaya sak, a tsaye. Wanda ya rataye talabijin a bango kuma yana da fili a ƙarƙashinsa zai iya sayen ta uku irin na gefen ya kafa ta a tsakiya, ya huta. In kuwa jerin naka an daina yin sa, nemi wadda tuwitarta, wato 'yar ƙaramar da ke fitar da siririn sauti, irin ta naka ce. Kada ka haɗa mai bakin ƙaho irin na Klipsch da masu tuwitar siliki, ba za su taɓa jituwa ba.

Sifar akwatin

Yawancin sifikokin tsakiya a kwance suke, da faifai biyu a gefe da gefe da tuwita a tsakaninsu. An yi su haka ne don su shiga ƙarƙashin talabijin, kuma wannan sifar tana da aibin da mai shago ba zai faɗa maka ba. Faifan nan biyu sauti ɗaya suke fitarwa a lokaci ɗaya. Wanda ke zaune saitin sifikar, nisansa da kowannensu ɗaya ne, sautin ya iske shi tare, lafiya lau. Wanda ke kujerar gefe kuwa, faifai ɗaya ya fi kusa da shi, sai sautin ɗayan ya makara kaɗan, su kashe juna a wani mataki.

Ga lissafin. A ce tazarar tsakiyar faifan biyu santimita 30 ce, kai kuma kana zaune digiri 30 daga saiti. Bambancin nisan zai kai santimita 15. Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka abin da zai ɓace maka yana wajen 1,100 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, yawan lambar shi ne sirantarsa), tsakiyar muryar ɗan Adam ke nan. Irin waɗannan sifikokin kuwa sai wajen 2,000 zuwa 3,000 Hz faifan suke miƙa wa tuwita aiki, saboda haka babu mai cike gurbin. Maigida a tsakiyar doguwar kujera yana jin komai, uwargida da baƙi a kujerun gefe suna ta "me ya ce?" Falonmu kuwa yawanci kujerun jere suke da bango, mai zaman mutum uku can, mai biyu nan, yara a kan kafet. Kaɗan ne ke zaune a saiti.

Hanyoyi biyu ke magance wannan. Ta farko ita ce sifika mai rabon aiki uku: manyan faifai biyu a gefe suna ɗaukar sauti mai kauri kawai, a tsakiya kuma akwai ƙaramin faifai na inci 3 ko 4 da tuwita a samansa. Muryar daga wannan ƙaramin guda ɗaya take fita, babu abokin da zai soke ta. Da ido ake gane ta: ka ga tuwita bisa ƙaramin faifai, ɗaya kan ɗaya. Ta biyu ita ce wadda aka dasa tuwitar a cibiyar faifan, kamar tsarin Uni-Q na KEF da jerin Uni-Fi na ELAC. Duka biyun sun fi tsada, akwatinsu ma yakan fi tsayi, amma a falon da jama'a ke cika nan ya kamata kuɗin ya tafi. In aljihu bai kai ba, zaɓi wadda faifanta biyu suka matso kusa da juna sosai, har aka ɗan ɗaga tuwitar sama don ta ba su wuri. Raguwar tazara tana tura matsalar zuwa sama, inda tuwita ta riga ta karɓi aiki.

Girman faifai kuma kada ya gaza inci 5 in falon yana da faɗi. Muryar namiji tana saukowa har wajen 85 Hz, kuma 'yar sifika mai faifan inci 3 ba ta kaiwa nan, sai ka ji babban mutum yana magana kamar ta cikin rediyon hannu.

Lambobin da ke bayan akwati

Uku ne kawai suke da amfani.

Na farko, om, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da amfilifaya ke tura mata. Za ka ga 4, 6 ko 8. Juya bayan amfilifayarka, wadda wasu ke kira risiba, ka karanta abin da aka rubuta kusa da wurin ɗaura wayoyi. Yawancin masu matsakaicin kuɗi 6 zuwa 8 suka fi so. Mai om 4 tana jan wuta fiye da haka, amfilifaya ta yi zafi, ta kashe kanta a tsakiyar kallo, musamman a watan Afrilu cikin kabad marar iska. A nan ne ake yin wani kuskure da ya yawaita: ɗauko sifikar tsakiya daga tsofaffin saitin nan masu zuwa a kwali ɗaya da na'urar DVD. Da yawansu om 3 ne, an yi su don na'urarsu kaɗai, kuma suna iya wahalar da amfilifaya ta gaske.

Na biyu, ƙarfin amsawa, wanda ake rubutawa kamar 88 dB, wato desibel, ma'aunin ƙarar sauti. Ma'anarsa ƙarar da sifikar ke bayarwa a nisan mita ɗaya da kimanin wat ɗaya. Duk bambancin desibel 3 ninkin wuta ne: mai 85 tana buƙatar wat 100 don ta yi ƙarar da mai 88 za ta yi da wat 50. Nisa ma yana ci. A fili, duk ninkin nisa yana rage desibel 6, a cikin ɗaki bango yana mayar da wani abu. In kujerarka ta wuce mita 3 da talabijin, ga fanka a sama ga janareta a waje, nemi 88 zuwa sama.

Na uku, inda sautinta na ƙasa ya tsaya. Nemi wadda ta sauko 80 Hz ko ƙasa da haka, kuma a rubuce da ±3 dB a gefe. Lamba ba tare da wannan alamar ba kirari ne kawai.

Yawan wat kuwa kada ya ɗauke maka hankali. In ka ga PMPO da dubbai a gabansa, wuce, ba ma'auni ba ne. Wanda aka rubuta RMS shi ne na gaskiya, shi ma iyakar abin da sifikar ke jurewa yake nunawa, bai ce komai a kan daɗin murya ba. Ƙaramar amfilifaya da aka murɗa har sautinta ya fara tsagewa ta fi saurin ƙona tuwita a kan babba da ke aiki cikin natsuwa.

Wurin ajiya

Auna wurin da tef kafin ka fita kasuwa: faɗi, tsayi, zurfi, kuma ka bar santimita 5 a baya don wayoyi. Duba kada ta tare ƙasan allo ko idon rimot. Sannan duba ramin iska da ke jikin akwatin sifikar. In a baya yake, sifikar tana son santimita 10 zuwa 15 tsakaninta da bango. Cusa irinta cikin kabad yana sa murya ta yi gum kamar daga cikin randa. In cikin kabad za ta zauna, nemi rufaffiya ko mai rami a gaba.

Jawo ta har fuskarta ta yi daidai da bakin teburin. In ta koma ciki, sautin yana dukan saman katakon ya dawo ya gauraya da na asali. Tuwitarta ta kalli kunnen mai zama, wanda yake kimanin santimita 90 zuwa 100 daga ƙasa a kan kujera. In tana ƙasa da haka, sa 'yan robobi a ƙarƙashin gabanta ta ɗaga kai, robar kuma za ta hana teburin gilashi kaɗawa. Tsayinta da na tuwitocin hagu da dama kada su bambanta da fiye da rabin mita. Mai tsohon talabijin mai ƙusumbi ya tabbata an killace maganaɗisun sifikar, in ba haka ba launi zai ɓaci a gefen allo. Na bango na yanzu ba ruwansu da wannan.

Tayil da bangon siminti suna mayar da sauti, kuma haruffa irin su s da t da k, waɗanda da su ake rarrabe kalmomi, su ne ke fara nutsewa cikin amsa-kuwwa. Kafet mai kauri tsakanin talabijin da kujera, da labule mai nauyi, sukan gyara abin da canjin sifika ba zai gyara ba.

In ta gwanjo ce

Sifika ba a jona ta da wutar gida, saboda haka daga kowace ƙasa ta zo ba damuwa. Amfilifayar ce abin dubawa: wadda aka yi don Amurka ta 120V ce, wutar Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230, sai da taransifoma mai rage wuta.

Cire ragar gaba. Zoben da ke kewaye da faifai in na soso ne, taɓa shi a hankali, domin zafi da shekaru suna mayar da shi gari. Na roba ya fi daɗewa. Danna faifan kaɗan da yatsu a ko'ina daidai, in ka ji yana gogar wani abu a ciki, nadin wayarsa ya taɓu. Sa mitar gwajin om a kan tashoshinta, wato wuraren ɗaura waya: mai om 8 za ta nuna wajen 5 zuwa 7, wannan daidai ne. Taɓa batir ɗaya na 1.5V na ɗan lokaci, kan batirin a jan tasha, faifan biyu su turo waje tare. In ɗaya ya fito ɗaya ya shige, wani mai gyara ya juya waya a ciki. Daga nan a kunna magana zalla, labaran rediyo sun isa, ka kai kunne kusa da tuwita ka ji ko tana raye, sannan ka taka zuwa gefe ka ji yadda muryar take canzawa. Da kiɗa mai duka ake ɓoye lalatacciyar sifika.

Saiti

Wayar jan ƙarfe mai lamba 16 ta isa ga nisan da bai wuce mita 10 ba. Ja da ja, baƙi da baƙi. In an juya su, ta tsakiya za ta riƙa tura iska lokacin da na gefe ke ja, murya ta sirance ta rasa mazauni.

A cikin saitin amfilifaya, gaya mata akwai sifikar tsakiya, ka sa ta a Small komai girmanta, iyakar rabo kuma 80 Hz, wadda ita ce ma'aunin THX, kamfanin da ke tsara ƙa'idojin sautin sinima. Abin da ke ƙasa da nan wufa za ta ɗauka, ta tsakiya ta ji da murya. Ƙarama sosai a sa mata 100 ko 120. Gudanar da gwajin makirufo da ya zo da na'urar: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, makirufon a tsayin kunne. Bayan ya gama, koma ka duba, domin sau da yawa yakan mayar da sifikar Large, sai ka dawo da ita Small. In murya ba ta ishe ka ba, ƙara wa tsakiya desibel 2 ko 3, fiye da haka sai ta rabu da sauran.

Wani lokaci an yi komai daidai amma tsakiya shiru. Dubi abin da ke shigowa. Yawancin bidiyon YouTube da tashoshi da dama na tauraron ɗan Adam sautinsu layi biyu ne, hagu da dama, kuma in amfilifaya tana kan Stereo ba za ta aika komai tsakiya ba. Mayar da ita Dolby Surround, ko Pro Logic II a tsofaffi, ita za ta tsamo muryar ta kai tsakiya. In kuma sautin ta talabijin yake biyowa, ta HDMI ARC ko wayar haske, shiga saitin talabijin ka canza fitar sauti daga PCM zuwa Bitstream ko Passthrough, domin ta waɗannan hanyoyin PCM layi biyu kawai yake ɗauka. Kalli fuskar amfilifayar bayan haka, in ta rubuta Dolby Digital ko DTS, layin tsakiya yana isowa.