Yadda zaka haɗa gyaran abinci da maganin asibiti in kana da suga ko hawan jini

Kawuna shekara shida yana shan maganin hawan jini lafiya lau, sai aka turo masa wani bidiyo a waya, wani mutum da farar riga yana cewa wai ƙwayoyin asibiti guba ne, abinci kaɗai ya isa ya warkar da komai. Ya ɗauki maganin ya jefa a durowa, ya koma tafarnuwa da jiƙe-jiƙe, kuma bai gaya wa kowa ba. Bayan wata huɗu yana zaune da safe kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama, ya so yayi magana bakin ya karkace, har yau da nake wannan rubutun jan ƙafa yake yi. Abinda yafi min ciwo wallahi shine gyaran abincin da ya fara mai kyau ne, ya rage gishiri, tumbinsa ya sauka, da ace ya haɗa da maganinsa da watakila likita da kansa ne zai rage masa ƙwayoyin. Abinci da magani ba kishiyoyi bane, gida ɗaya suke zama kuma aiki ɗaya suke yi, shi yasa nake so in bayyana yadda ake haɗa su ba tare da mutum ya cuci kansa ba.

Kafin ka taɓa komai a kicin, ka fara sanin inda kake. Mutane da yawa suna canza abinci a makance, in ka tambaye su ya jiki sai suce "ina jin sauƙi", alhali hawan jini baya sallama, mutum zai iya yawo lambar sama ta awon jininsa tana 170 bai ji komai ba. In da hali ka mallaki na'urar awon jini ta damtse, ka zauna minti 5 shiru, bayanka a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannun a kan tebur daidai da ƙirji, ka auna sau biyu da safe sau biyu da yamma har kwana 7, ka rubuta a littafi da kwanan wata. A asibiti daga 140/90 zuwa sama ake cewa jini ya hau. Mai suga kuma ya nemi gwajin HbA1c, shi wannan yana nuna yadda sugan yake a wata 2 zuwa 3 da suka wuce, don haka baka isa ka yaudare shi da azumin kwana ɗaya ba. 6.5 zuwa sama ciwon suga ne, 5.7 zuwa 6.4 kana bakin ƙofa. Ka roƙi a duba maka ƙoda ma, zaka ga dalili a gaba.

To sai ka zaɓi abu ɗaya ka canza, ɗaya tak, kayi sati biyu ko uku kana aunawa sannan ka ƙara wani. In ka canza abu goma rana guda bazaka san wanne yayi aiki ba, kuma kafin wata ka gaji ka watsar.

Ga mai hawan jini ni dai gishiri nake cewa a fara dashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wato wajen cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafin ya haɗa da duk gishirin da ya shiga cikinka, na tukunya da wanda baka gani. Wanda baka ganin nan shine matsalar: burodi, sinadarin ɗanɗano, taliyar leda mai ɗan ƙunshin yaji a ciki, kifin gwangwani, naman da aka sarrafa, biskit ma da kake jin zaƙinsa akwai gishiri a ciki. Ka koyi juya leda ka karanta bayanta, in sun rubuta sodiyam ka ninka shi sau biyu da rabi shine gishirin, misali miligiram 800 na sodiyam giram 2 ne na gishiri, kaga a abu ɗaya ka cinye kusan rabin na yini. Kada ka yanke lokaci guda don abincin zai zame maka lami ka tsane shi, ka rage kaɗan kaɗan, ka cike gurbin da albasa, tafarnuwa, citta, lemon tsami, barkono, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni har ka dawo kana jin abincin wasu yayi gishiri. Kuma a ɗauke kwalbar gishiri daga wajen cin abinci gaba ɗaya, hannu yana kaiwa ne tun kafin baki ya ɗanɗana.

Akwai wani gishiri da ake cakuɗa shi da fotasiyam, an gwada shi a ƙauyuka 600 a Sin kan mutum kusan 21,000, sakamakon ya fito a 2021, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Abu ne mai kyau amma dan Allah in kana da ciwon ƙoda ko kana shan magungunan hawan jini irin su lisinopril, losartan ko spironolactone kada ka saya sai ka tambayi likita, domin fotasiyam zai iya taruwa a jini ya rikita bugun zuciya. Dalilin gwajin ƙodar kenan.

Rage gishiri rabin aikin ne, sauran rabin shine abinda ka ƙara. A 1997 an fitar da wani bincike a Amurka da ake kira DASH, aka ba mutane abinci mai yawan ganye, 'ya'yan itace, madara mara maiƙo da hatsin da ba a cire masa dusa ba, cikin sati 8 masu hawan jini lambar sama ta sauka da wajen 11, kusan abinda ƙwaya ɗaya take yi kenan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. Ba sai ka nemi masu tsada ko na ƙasar waje ba, wanda yake wadace a lokacinsa ya isa.

Mai suga kuma, ko wanda yake bakin ƙofa, ya fara da abinda yake sha. Gwangwani ɗaya na lemo mai mililita 330 yana ɗauke da suga wajen giram 35, kusan cokalin shayi 9, alhali abinda yafi shine mutum ya tsaya wajen giram 25 a yini gaba ɗaya. Ruwan 'ya'yan itace da aka matse shima haka, lemon zaƙi guda in ka ci shi da tsokarsa yana shiga jini a hankali, amma in ka matse guda huɗu a kofi ka kwankwaɗe ka zubar da abinda yake riƙe sugan. Zuma ma suga ce ga mai ciwon suga, duk albarkar da ke cikinta na'urar awo bata san wannan ba, tana ɗaga lamba. Bayan abin sha sai faranti: ka raba shi da ido, rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko kaza, kwatan ƙarshe shinkafa ko dankali ko duk wani mai sitaci. Ba a ce ka rabu da shinkafa har abada ba, tudun ne za a rushe. In kana da na'urar suga ka gwada da kanka, ka auna kafin ka ci, ka sake aunawa bayan awa 2, wata rana da tudun shinkafa wata rana da rabinsa da wake a gefe, lambar da zaka gani da idonka tafi wa'azin kowa shiga rai.

Kuma wannan abin an gwada shi sosai, ba zancen baka bane. A 2002 aka fitar da wani babban bincike a Amurka kan mutum 3,234 da suke gab da kamuwa da suga. Wasu aka basu ƙwayar maganin suga metformin, wasu aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiya minti 150 a sati. Masu maganin kamuwa ta ragu da kashi 31, masu gyaran abinci da tafiya ta ragu da kashi 58. Ka lissafa, mai kilo 90 wajen kilo 6 kawai ake nema ya sauke. A Birtaniya kuma binciken DiRECT na Roy Taylor da Mike Lean da ya fito a 2017 ya nuna kashi 46 na masu suga nau'i na 2, wato wanda yafi yawa a manya, da basu daɗe da kamuwa ba sugansu ya lafa bayan shekara ɗaya ba tare da magani ba, cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 ne. Amma ka lura da kyau, a hannun ma'aikatan lafiya akayi wannan, su suka janye maganin suna bibiya, kuma lafawa ce, in ƙiba ta dawo ciwon yana dawowa. Mai nau'i na 1, wanda jikinsa baya samar da insulin mai sarrafa suga, shi kam babu abincin da zai maye masa insulin, barinsa halaka ne cikin kwanaki.

Nan wajen ina so a saurare ni. In kana allurar insulin ko kana shan ƙwayoyin suga glibenclamide ko gliclazide, ka rage abinci sosai baka gaya wa likita ba, suga zai iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar da ke awo da mg/dL, ka fara karkarwa, zufa, jiri, zuciya na dukan uku uku. In haka ta faru ka sha suga giram 15, wajen cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa, ka jira minti 15 ka sake aunawa, kuma mutanen gidanka su san wannan tun kafin ranar tazo. Haka mai hawan jini da ya rage gishiri ya rage ƙiba zai iya fara jin jiri in ya miƙe tsaye, wannan alama ce cewa maganin ya fara yin yawa, sai ka ɗauki littafinka ka kai wa likita ya rage, ba kai zaka rage da kanka ba.

Tafiya minti 30 sau biyar a sati, da ɗan sauri yadda zaka iya magana amma numfashi ya ɗan hau. In gwiwa bata yarda ba ka raba ta minti 10 bayan kowane abinci, wannan ma yana taimakon suga. Barci awa 7 zuwa sama, kuma in ana ce maka kana minshari har numfashinka na ɗaukewa ka faɗa a asibiti, yana daga cikin abubuwan da ke hana jini sauka. Taba kam babu abin tattaunawa.

Sai maganar ganyayyaki da ƙwayoyin ƙarin lafiya da ake tallatawa. Ni bana raina itatuwa, metformin ɗin nan asalinsa daga wani tsiro ne na Turai mai suna Galega, maganin maleriya artemisinin daga ganye Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar dashi har ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma wannan ɗin shi ke nuna maka ganye magani ne na gaske, kuma duk abinda yake da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin illa, bambancin kawai na asibiti an san awonsa, na kwalbar da babu rubutu kuwa Allah kaɗai ya san me ke ciki. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace saboda haɗin rage ƙiba da aka sa wa wani tsiro mai guba bisa kuskure, da yawansu sai da aka koma wankin ƙoda ko dashe. A Finlan a 1994 an ba masu shan taba ƙwayar beta-carotene da zaton zata kare su, sai kansar huhu ta ƙaru a cikinsu, alhali karas ɗin da sinadarin yake ciki bai cuci kowa ba. Garehul, wani babban lemo mai ɗan ɗaci, yana sa simvastatin na kolestarol ya taru a jini. Ganyen St John's wort da ake sha don damuwa yana raunana maganin tsarin iyali da na HIV da warfarin mai hana jini daskarewa. Mai shan warfarin kuma ba a hana shi ganyen miya ba, abinda ake so ya riƙa cin kusan adadi ɗaya kullum, kada yau tuli gobe babu. Kurkum da girfa a cikin girki babu laifi, amma ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi an samu waɗanda suka taɓa musu hanta. A ɗaya ɓangaren kuma akwai ƙarin da yake da dalili, wanda ya daɗe yana shan metformin bitamin B12 ɗinsa kan ragu, in kana jin ƙafa na dindiris ka nemi a gwada, in yayi ƙasa a baka.

Duk wanda yace maka ka ajiye maganin asibiti kafin nasa yayi aiki, ko kwalba ɗaya tana maganin suga da ciwon kansa da rashin haihuwa, ka riƙe kuɗinka ka tafi. Masu bincike a jami'ar Yale sun duba masu ciwon kansa a 2018, waɗanda suka ƙi asibiti suka tsaya kan wasu hanyoyin kaɗai haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi.

Ranar ganin likita ka zuba komai a leda ɗaya, ƙwayoyin asibiti, bitamin, garin magani, shayin ganye, har wanda kake jin kunyar nunawa, ka juye masa a tebur tare da littafin awonka. Nasan wasu likitocin suna da faɗa kuma layi yana da tsawo, amma kada hakan yasa ka ɓoye, in bashi da lokaci mai harhaɗa magani a famasi zai iya duba maka waɗanda basa jituwa. Ka gaya masa abinda ka canza a abinci da ranar da ka fara, ka tambaye shi wace lamba kuke nema, in ta sauka zuwa nawa zai fara tunanin rage magani, da kuma yaushe zaka dawo a sake HbA1c, yawanci bayan wata 3 ne. Ka rubuta ranar a shafin farko na littafin kafin ka tashi daga kujerar.